Kabewar Darakta

Ranaku da yawa na aikin nan sun wuce mini kamar ruwan wanke-wanke, amma Alhamis ɗin da muka yi wa Darakta Alhaji Sabo walimar sallama ba ta taɓa barin kaina ba. Ku sababbin ɗauka kuna jin tsofaffin ma'aikata na ce mini Goggo Mai Kabewa, kuna dariya ba ku san mafari ba. Wasunku ma sun ɗauka sayar da ita nake yi. To ga yadda aka yi. Ni ban yi boko ba. Faɗa nake yi, Madam Rifkatu sakatariyar ofishin Darakta tana bugawa, kuma na ce in ta gama ta karanta mini, kada ta ƙara gishiri.

Sunana Asabe. Shekara ashirin da shida ke nan ina sharar ofishin nan ina dafa shayi. Ga wanda bai san tsarin gwamnati ba, ma'aikata hawa-hawa ne. Ni ina mataki na biyu, Darakta yana can ƙololuwa, tsakanina da shi mutum ya kai arba'in. Amma ni ce farkon shiga ofishinsa da safe, ni ce ƙarshen fita. Mai shara ba ta karanta fayil, kwandon shara take karantawa.

Alhaji Sabo mutumin kirki ne, bai taɓa danne haƙƙin kowa ba, sai dai Allah bai ba shi haƙurin jira ba. Duk abin da aka miƙa masa sabo, nan take zai gwada shi a gaban wanda ya kawo. Ranar da aka kawo jar tukunyar kashe gobara, mutumin yana tsakiyar bayani Darakta ya zare ƙusar ya matsa. Kwana biyu ina share farin gari daga kan kabad, akawunmu kuwa ya koma gida kamar an zaro shi daga buhun fulawa. Takardar bayanin da ke zuwa cikin kwali, kullum ni nake tsintar ta a kwando, ko ninkinta ba a warware ba.

Yana da wanzaminsa, wani dattijo da ya yi shekara talatin yana zuwa gidansa a Unguwar Rimi duk safiyar Juma'a. Da tsufa ya ci ƙarfin dattijon ya koma garinsu, Darakta ya shiga uku. Kilifar shago ta feso masa ƙuraje a wuya, reza ta ƙara masa wasu. In na kawo shayi sai in same shi yana sosa haɓa, yana cewa shi dai in ya yi ritaya aska zai nema, ya koyi gyara fuskarsa da hannunsa ya huta.

Al'adar ofishinmu, in babba zai ajiye aiki, kwamitin walwalar ma'aikata ke zaɓar kyautar da za a ba shi. Shugaban kwamitin a lokacin Mista Bitrus ne, jami'in mulki, mataki na sha biyu, mazaunin Malali, dattijo a cocinsu. Mutum ne wanda ko atishawa zai yi sai ya duba ko doka ta yarda. Kwamiti ya zauna har sau uku. Aka ce agogon bango, sai aka tuna daraktoci uku da suka wuce duk agogo aka ba su, kamar mai ritaya yana da inda zai makara. A zama na uku Madam Rifkatu ta tuna musu maganar aska. Kowa ya yi na'am. Sai wani ya ce ai Goggo 'yar gidan wanzamai ce, a tafi da ita kasuwa.

Gaskiya ya faɗa. Mahaifina wanzami ne a ƙasar Zazzau, kakana ma haka. Mace ba ta rataya zabira, wato jakar fatar da wanzami ke zuba kayan aikinsa, amma ni nake wanke asake, ni nake riƙe ƙoƙon ruwa, idona kuma bai taɓa barin hannun Baba ba. Da maigidana ya kwanta ciwon da ya zama ajalinsa, shekara biyu ni nake yi masa aski a ɗakinmu na Abakpa, ban taɓa fitar masa da ɗigon jini ba.

Ranar Talata muka hau Keke mai ƙafa uku ni da Mista Bitrus zuwa babbar kasuwa, layin masu kayan aski. Mai shagon ya baje mana asake irin masu naɗewa cikin mariƙinsu. Na yi wa Mista Bitrus bayani dalla-dalla. Sabon hannu ba a ba shi aska mai tsini, don tsinin nan shi ke cizon kunne da gefen hanci, mai zagayayyen kai ake nema masa. Faɗinta kada ya wuce babban yatsa, in ba haka ba ba za ta shiga ƙarƙashin hanci ba. Mariƙin kuma kada ya zama mai santsi, tunda hannu mai sabulu ne zai riƙe. Na ware wata baƙa, ba ta da kwalliya ko kaɗan. Na zaɓi fatar wasa aska, na goga ta a bayan hannuna in ji ko tana da ƙurji. Buroshi huɗu na ja wa gashi, uku suka tuje, muka ɗauki na huɗun. Sai dutsen wasa, sabulu mara yawan turare, alif na tsayar da jini, da tawul biyu.

Duk waɗannan Mista Bitrus bai yi musu ba. Amma tun shigarmu idonsa na kan wata doguwar aska mai tsini, mariƙinta na walƙiya kamar zinariya, tana kwance cikin akwati mai jan ƙyalle. Ya ce mutum mai matsayin Darakta ba a ba shi abin da ya yi kama da na yankan farce, kuma in tuna za a ɗauki hoto. Mai shagon ya ga inda ciniki ya karkata, ya ce ai da hannunsa ya wasa ta. Ya ɗora ta a damtsensa ko dannawa bai yi ba, gashi ya zubo.

Na ce to tunda an ƙi tawa, a sayi kabewa.

Dukansu suka dube ni. Na ce a gidanmu ba a ba mai koyo kan mutum. Tsohuwar aska ake ba shi wadda aka dakushe da gangan, da kabewa. Ya shafe kabewar da sabulu, ya kwashe sabulun tas da aska. Dakusasshiya ba ta yanka mutum, amma in hannu ya yi nauyi ko aka tsayar da ita tsaye, sai ta ƙwarzane fatar kabewa, maigida ya gani. Sai hannu ya kwanta, sannan a ba shi mai kaifi ya maimaita a gaban maigida. Ranar da kabewa ta fita lafiya, ranar ake ba shi ƙeyar mutum.

"Mama," in ji Mista Bitrus, yana share hawayen dariya, "sallama za mu yi masa ko miyan taushe?"

Ya buɗe takarda ya nuna mini jerin kayan da kwamiti ya amince da su, alhali ya san ba karatu nake yi ba. Ya ce babu kabewa a ciki, kuma ƙara abu sai an sake zama. Aka naɗe mai walƙiya. Na yi shiru. Wanda ya san ni ya san shiruna ba yarda ba ne.

Abin da ya dame ni shi ne, ranar Alhamis walima, ranar Juma'a da safe mai hoto zai zo ya ɗauki Darakta hoton da za a rataya a ɗakin taro cikin jerin daraktocin da suka wuce, sannan ya miƙa ragamar ofis. Na san mutumin nan ba zai kai askar gida ba. A nan gaban jama'a zai nemi ruwan zafi, kuma ni za a ce in kawo. Na kuma san ɗaya ɓangaren. Ƙaramin ma'aikaci da ya taɓa kayan kwamiti ba da izini ba, kweri ake ba shi, wato takardar tuhuma, kuma a matakina daga kweri zuwa ƙofar fita taku biyu ne. Na auna aikina da maƙogwaron Alhaji Sabo. Na ce aiki in ya tafi ana iya soya ƙosai, maƙogwaro kuwa ɗaya ne.

Ranar Laraba da na tashi aiki na tsaya bakin titi a Abakpa na zaɓi kabewa mai girman kan Darakta. Na buɗe ƙasan adakata na ciro askar koyo ta Baba, baƙa wuluk, ko albasa ba ta yankawa. Alhamis da sassafe na buɗe ɗakin taro da makullina kamar kullum. Kyautar na kan tebur an naɗe ta da takarda mai fure. Na warware a hankali, na cire mai walƙiya na jefa cikin tsohon gwangwanin madara, na kwantar da ta Baba a kan jan ƙyallen, na mayar da naɗi yadda yake. Kabewa na tura ta ƙarƙashin babban tebur, mayafin teburin ya rufe ta.

Bayan azahar aka taru. Malam Idi na sashen kuɗi ya buɗe da addu'a, aka bar ta rufewa ga Mista Bitrus, kamar yadda muka saba. Aka yi ta jawabai, kowa na cewa aski ya zo gaban goshi, ni kuwa ina bayan fulas ina cewa a raina ba ku san gaskiyar da kuka faɗa ba. Mista Bitrus ya miƙa kyauta da hannu biyu, mai hoto ya haska.

Darakta ya yage takardar ya buɗe akwatin. Ina kallon fuskar Mista Bitrus. Bakinsa ya buɗe, ya ɗaga yatsa zai yi magana, sai Darakta ya riga shi. Ya ɗaga tsohuwar askar sama, muryarsa har rawa take yi, ya ce wallahi irin ta wanzaminsa ce sak, wa ya yi wannan tunani? Ya ce da wani ne da ƙyale-ƙyalen kanti zai kwaso, amma Bitrus ya san daraja. Aka yi tafi. Mista Bitrus ya sauke yatsansa a hankali, ya gyara wuyan riga, ya ce ai kwamiti ya yi dogon nazari.

Ban gama cije leɓena ba na ji abin da nake jira.

"Goggo, kawo ruwan zafi."

Na kawo a kwano. Ya tuɓe hula, ya ɗaura tawul a kan babbar riga, ya buga kumfa ya shafe fuska har kunne. Madam Rifkatu ta riƙe masa madubin jakarta. Bai tambayi kowa yadda ake riƙewa ba. Ya damƙi askar kamar mai shirin yanka ragon layya, ya ɗaga haɓa, ya tsayar da ita tsaye a maƙogwaro ya ja. Kumfa ta tafi, gashi na nan. Ya ƙara dannawa ya ja. Ya sake, har jijiyar hannunsa ta tashi. Ko silin gashi ɗaya bai faɗo ba.

Darakta ya juya askar ya duba, ya gwada ta a kan takardar naɗin, ta ƙi ci. Ya dubi Mista Bitrus da rabin fuska a kumfa, ya tambaye shi ko dogon nazarin ke nan. Nan take Mista Bitrus ya tuna cewa wannan ba ita ya saya ba, ya rantse cewa tasa mai ruwan zinariya ce, kuma mutum ɗaya ce ke da makullin ɗakin nan da safe. Ido arba'in da wani abu suka juyo kaina.

Na durƙusa na jawo kabewa daga ƙarƙashin tebur na ɗora a gaban Darakta, tsakanin kwalaben lemo. Na karɓi buroshin na shafe ta da kumfa. Na buɗe gwangwanin madara na ciro mai walƙiya, na miƙa masa ta mariƙi.

"Ranka ya daɗe, ga ta kwamiti. Amma ga baƙo ya riga ka layi. Yi masa yadda ka yi wa kanka."

Ya harare ni, amma na gaya muku ba ya iya ganin sabon abu ya ƙyale. Ya damƙe ta yadda ya damƙi ta farko, ya tsayar, ya danna, ya ja. Ko ƙara ba ta yi ba. Wani ɓalli kamar tafin hannu ya zame daga jikin kabewar ya faɗo kan mayafin tebur, jan cikinta ya bayyana.

Babu wanda ya yi dariya. Darakta ya ajiye askar a hankali, ya kai hannu wuyansa, inda dakusasshiyar ta bar masa jan layi.

"Nan na sa ta?"

"Nan, ranka ya daɗe. Sau uku."

Ya daɗe yana kallon ɓallin. Can ya ce a ba shi tawul. Da ya goge fuska ya miƙo hannu zai ɗauki mai walƙiya, na riga shi, na naɗe ta na mayar cikin gwangwani. Na ce a gidanmu sai kabewa ta fita lafiya. Na ce ya tafi da ta Baba da sauran kayan, in hannunsa ya kwanta ya aiko mini da shaida. Malam Idi ne ya fara fashewa da dariya, sai ɗakin ya ɗauka, har Darakta. Mista Bitrus kaɗai bai yi ba. Addu'ar rufewa da ya yi ranar, ban taɓa jin gajeriya irinta ba.

Kafin a tashi aiki kweri ta iso daga Mista Bitrus. Madam Rifkatu ce ta buga, ita ta karanta mini, tana yi tana toshe baki. Laifina biyu, sauya kayan da kwamiti ya amince da su, da shigo da kayan miya ɗakin taro ba da izini ba. An ba ni kwana ɗaya in kare kaina a rubuce. Na ce ta rubuta mini layi ɗaya: na aikata, ga shaida a haɗe. Na sa ɓallin kabewar cikin ambulan, ta maƙala a fayil.

Juma'a da asuba na tura wa Darakta wani wanzami ɗan garinmu da ke zaune kusa da mu a Abakpa. Hoton da kuke gani a ɗakin taro, na huɗu daga taga, fuska sumul, to aikinsa ne. Bayan hoto, fayil ɗina ne na ƙarshe da aka kai masa kafin ya miƙa ofis. Ina ɗakin shayi ina wanke kofuna, na wanke kofi ɗaya ya fi sau biyar. Madam Rifkatu ta ce a shekarun da ta yi da shi, ranar ta fara ganin ya karanta fayil daga farko har ƙarshe, har ambulan ya buɗe. Ya rubuta a ƙasa cewa a rufe maganar, askar kuma ta zauna a hannun Goggo har sai ta gamsu.

Da rana Mista Bitrus ya leƙo neman shayi. Ya tsaya bakin ƙofa yana juya hula, ya ce, "Mama, kin san doka ce." Na ce na sani, shi ya sa ban sa masa gishiri a ciki ba. Sati bai zagayo ba ya kira zaman gaggawa, kwamiti ya gyara jerin kaya, aka rubuta kabewa a ciki. Muka koma kasuwa tare, aka mayar da mai walƙiya aka karɓo baƙar nan mai zagayayyen kai da na ware tun farko.

Daga nan duk Litinin direban Alhaji zai kawo kabewa daga Unguwar Rimi. Ta farko kamar kura ta yi wasa da ita. Ta biyu da ta uku da ɗan sauƙi. Ba na barin abinci ya lalace, in na gama dubawa sai in fere in raba, har matar Mista Bitrus ta aiko tana tambaya ko Alhaji ba zai koma koyo a kan doya ba.

A sati na huɗu aka kawo wata sumul, babu ko ƙwarzane. Direba na murmushi, ya ce Alhaji ya ce a ba shi saƙo. Na kai ta bakin taga. Kabewar da aka aske, komai gwanintar mutum, sabulu na maƙalewa a cikin kwarinta ya bushe fari. Wannan babu. Na shinshina, ƙamshin gona kawai.

"Koma da ita. Ka ce wa Alhaji wannan wanka aka yi mata, ba aski ba."

Litinin ta gaba da kansa ya zo, da kabewarsa a leda. Mutumin da shekara da shekaru nake tsayawa a gabansa da tire, ya zauna a kan bencina na ɗakin shayi, ya naɗe hannun riga. Na ba shi baƙar mai kaifi. Na ce ya kwantar da ita kamar mai shafa kan jariri, ya bi da gajeren ja, kada ya danna. Ma'aikata na leƙe ta taga, na kore su. Ya fi rabin awa yana yi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ban taɓa ganin ya yi abu a hankali haka ba. Da ya gama na juya kabewar a haske. Can kusa da gindinta akwai wani ɗan ƙwarzane kamar na farcen yaro. Na ɗora babban yatsana a kai, na ce ta fita. Na naɗe askar na ba shi. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya ji ƙan Baba.

Abin da na koya, kuma nake so ku 'yan baya ku riƙe, shi ne kyauta ba don idon masu kallo ake zaɓenta ba, don hannun da zai riƙe ta ne. Kwamiti ya san matakin mutum, amma wanda ke share ƙarƙashin teburinsa shi ya san halinsa, don haka in za ku zauna ku tambayi na ƙasa. Kuma kada ku raina mai bin doka. Mista Bitrus ya ba ni kweri, amma shi ne ya sa kabewa ta shiga takardar gwamnati.

Baɗi Mista Bitrus ma zai ajiye aiki. Jiya ina zuba masa shayi na ji yana gaya wa Malam Idi cewa babu abin da yake so kamar zarton nan mai inji, ya sare itatuwan gonarsa da hannunsa. Bai taɓa riƙe ko gatari ba. Na ajiye masa kofinsa. Ina dai lissafin girman kabewar da za ta ishe mu.